Saiwar Albasar Baba a Maleshiya

Farkon abin da ƙasar Maleshiya ta yi mini shi ne ta raba ni da akwatina. Ba babban ba, wanda Inna ta cusa wa kuka da daddawa da yaji, wannan ko kallon arziki bai samu ba. Ƙaramin suka ɗauka, na roba, wanda na rungumo a cinya tun daga Aliero. Wata jami'a a filin jirgi ta karanta takardar izinin da ke jikinsa, ta ce sai sun duba, ta shige da shi wani ɗaki ta turo ƙofa. Ina binta ina roƙo da Turancina na makaranta, don Allah kada a buɗe kwalaben ciki, iska kaɗai ta isa ta ɓata su. Ta yi mini murmushi, ta nuna mini benci.

Bari in faɗi abin da ke cikin akwatin, kada a ɗauka zinariya na ɗauko. Saiwar albasa ce.

Sunana Balkisu. Mahaifina, Malam Umaru, manomin albasa ne a Jiga Birni, kuma da fadama guda ya ciyar da mu ya sa mu makaranta. Fadamar gado ce da ba a raba ba tsakaninsa da ƙanensa, Bappa Sani, mahauci a kasuwar Jega. A 'yan shekarun nan sai albasa ta soma yi mana wulaƙanci. A dasa ta, ta kama, ta yi kore shar, sai bakin ganyen ya ƙone, a tumɓuko a ga saiwar ta yi baƙi. Wasu suka ce rijiyar ban-ruwa ce ta yi gishiri. Wasu suka ce cuta ce ta zauna a ƙasar. Bambancin ba ƙarami ba ne: in ruwa ne, a haƙa wata rijiya a ci gaba da noma, in kuwa cuta ce, ƙasar ta gama da albasa sai bayan shekaru. An kai ruwan gwaji, wannan ya ce da gishiri, wancan ya ce ba laifi. Bappa ya gaji da jira, ya samo wani mai buga bulo da ke son filin.

Ni kuwa a lokacin ina aiki a ɗakin gwaje-gwajen jami'a, na samu tallafin ƙarin karatu a waje, inda ke da irin na'urar da ke kallon cikin saiwa har ta faɗi sinadaran da suka taru a ciki. Baba ya riƙe hannun ƙanensa a gabana ya ce, "Sani, ɗiyag ga za ta tahi inda na'ura take. Bari ta gani. In lokacin dashe ya yi ba amsa, ka sai da, ba ni hana ka."

Saboda haka na ɗebi saiwa daga fadamarmu, na ɗebi wata daga gonar abokin Baba a Fagada inda albasa ke lafiya lau, don a kwatanta. Na yanka su siri-siri, na jiƙa a magani, na busar da su ƙayau, na zuba a ƙananan kwalabe. A gindin kowace kwalba na sa wasu ƙwayoyi shuɗɗa masu shanye danshi. Muddin suna shuɗɗa, lafiya. In danshi ya shiga, sai su koma ruwan hoda.

Da jami'ar nan ta dawo mini da akwatin, a kan bencin na buɗe shi, na ɗaga kwalba guda a haske. Ruwan hoda. Na ɗaga wata, ruwan hoda. Dukkansu. Ni kowa a gidanmu ya san ba ni da haƙuri, har Inna kan ce bakina ya riga ni girma, amma ran nan bakin ya ƙi aiki. Wa zan yi wa faɗa, da wane harshe? Matar ta ce ba su buɗe komai ba, ta na'ura kawai suka wuce da shi. A raina na ce Allah ya isa, a fili na ce na gode.

Zango na biyu shi ne ɗaki. Wani ɗan ƙasarmu, Ɗanladi, shi ya tarye ni da Hausa raɗau, har da "sannu da hanya, Hajiya," na ji kamar na ga ɗan'uwa. Tun ina gida ya turo mini hoton ɗaki mai taga da labule. Da muka je sai ga wani ɗan kurkuku a bayan kicin, ba taga, bango yana gumi, katifa tana warin tsumma. Na ce, "Malam Ɗanladi, ina tagar?" Ya ce ai waccan wani ya riga ni, in yi haƙuri zuwa ƙarshen wata. Daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba.

Ƙasar nan ruwa ce zalla. Ba rani, ba sanyi, kullum la'asar sai an kece da ruwan sama, wanki ya kwana ya wuni bai bushe ba. Mu da muke shanya albasa a ƙasa rana ta yi mana aiki kyauta, ga ni a inda takalmi ke yin fumfuna a ƙarƙashin gado. Na naɗe akwatin a leda, na naɗe ledar a zane. Albasar da suke sayarwa ƙanana ce jajaye, in na yanka ta sai hawaye ya zo, in ya zo kuma sai ya ƙi tsayawa, don a nan ne nake tuna ɗiyata Amira da na bari hannun surukata a Maiyama. Na yi kewar gida har abin ya ba ni haushi.

Zango na uku, ɗakin na'ura, can ƙarƙashin wani dogon bene, da sanyi kamar cikin firji. Mai kula da shi wata mata ce gajera mai tabarau, ana ce mata Kak Ros. Kak a harshensu yaya ce. Ta dubi ƙwayoyina masu ruwan hoda, ta dube ni. Ta karɓi kwalaben ta sa a kabad ɗin busarwa, ta ce su zauna nan su sha iska busasshiya tukuna. Washegari ta zo mini da shinkafa ƙunshe a ganyen ayaba, da ɗan kifi da yaji. Ta ce ta lura ban ci komai ba jiya.

Ita ta koya mini aikin, kuma aiki ne na masu haƙuri, wato ba nawa ba. Na'urar ba da haske take kallo ba, da lantarki take kallo. Abu irin saiwa kuwa ba ya wuce da lantarki, sai ya taru a kansa, hoton ya yi fari fat ya makantar da kai. Don haka dole a yi wa saiwar lulluɓi da abin da lantarki ke bi, lulluɓin da ido ba ya ko ganinsa. Wasu da zinariya suke yi. Na ce to a yi mana da zinariyar mana, albasar Baba ta ga gata sau ɗaya. Kak Ros ta yi dariya ta ce zinariya tana rufe sinadaran da nake nema, mai neman gishiri sai kabon. Kabon ɗin nan kuwa ɗan'uwan gawayi ne. Na tsallako teku, ashe gawayi zan shafa wa albasa.

Ana ɗaukar yankan saiwa da hantsaki, a ɗora a kan wani ɗan ƙarfe mai faɗin maɓallin riga, wanda aka manna wa baƙin salatif. Da safar hannu, da takunkumi a baki. Kak Ros ta ce maiƙon yatsa kaɗai kan fito a hoton, kuma ba a magana a kan samfur, ba a ko numfashi da ƙarfi. Ni da in ban yi magana ba nake jin kamar zazzaɓi zai kama ni. Na koyi yin shiru da dole. Na yi ta koyo da saiwar albasar kasuwa har hannuna ya saba, don tawa kaɗan ce, ba ta asara ba ce.

Sai kuma injin lulluɓin ya lalace. Famfon da ke zuƙe iska ne ya tsaya, aka ce an aika a kawo wani daga wata ƙasa. Yau, gobe, mako mai zuwa. Kullum in sauko benen in tarar da injin a rufe da ƙyalle. A gida kuwa damina tana ta tafiya. In la'asar ta yi a wurina safiya ce a wurinsu, lokacin Baba ke kira.

"Balkisu, mi na'ura tac ce?"

"Ba ta ce komai ba tukuna, Baba. Wani inji ne ya ɓaci."

"To. Bappanki ya zaka jiya. Mai bulo na matsa mishi. Ni dai na zuba iri, ya hito da kyau."

Ya zuba iri. Wato ya riga ya sa rai, yana shayar da ɗan fegin irin albasa safe da yamma, yana jiran in ce masa dasa. Na je wajen Farfesan da ke duba aikina na roƙe shi ko akwai wani inji a wani wuri. Ya ce akwai, amma layin can ya fi na nan tsawo, kuma in kwantar da hankalina, digiri ba ya gudu. Ban san yadda zan fahimtar da shi cewa ba digiri ne ke gudu ba. Na koma ɗakina mai gumi na zauna ina kallon bango.

Ranar da aka gyara injin, Kak Ros ta sa ni farko, ta ce wa sauran ɗalibai su yi haƙuri. Na jera ƙarafunan a cikin wani tulun gilashi, na fadamarmu a dama, na Fagada a hagu. A samansu akwai sandunan kabon biyu, an fiƙe ɗaya kamar fensir, bakinsa na taɓa ɗayan. A gefe ta ajiye ɗan gogaggen faifan tagulla, ta ce shi ne ma'auni, launinsa ke nuna kaurin lulluɓin. Aka rufe, famfo ya kama gurnani yana zuƙe iska. Ya daɗe fiye da ƙa'ida, ina ganin Kak Ros tana kallon allurar ma'aunin iska tana taɓe baki, alamar har yanzu da sauran danshi a saiwar. Daga ƙarshe ta ce in kau da ido. Ta murɗa, sandunan suka yi wal da wani farin haske mai zafi, suka mutu. Shi ke nan. Faifan tagulla ya koma ja-ja mai duhu, ta ce ya yi daidai. Watannin da na yi ina jira, aikin bai kai tsawon atishawa ba.

Muka kai su babbar na'ura. Kak Ros tana murɗa, ni ina zaune kusa da ita hannuna a ƙirji. Allon ya yi toka-toka, sai ga cikin saiwar fadamarmu, ɗaki-ɗaki kamar saƙar zuma. A kansa ga wasu zarurruka sun bi ko'ina. Na ce cuta ce ke nan. Ta matsa gefe, sai ga wasu ɗigo-ɗigo zagayayyu da suka bushe, cikin kowane akwai wani zane mai rassa kamar ganyen tsamiya, kyakkyawa ƙwarai. Ta auna wurin, na'ura ta ce gishiri ne. Na ce to ruwa ne ke nan, a haƙa rijiya. Har na fara miƙewa.

Kak Ros ta ce, "Zauna, ƙanwata. Mu ga ta lafiyayyar gonar."

Ta juyo da ta Fagada. Zarurrukan nan suna nan. Ɗigon nan masu rassa suna nan, gishiri iri ɗaya. Muka duba wata, muka duba wata. Mai ciwo da mai lafiya duk fuska ɗaya. Ta cire tabarau ta goge, ta ce zarurrukan fumfuna ce da ta tsiro bayan danshi ya shiga kwalba, ba daga gona ta zo ba. Ɗigon kuwa ta san su, ta sha ganinsu a aikin sababbin ɗalibai. Yawu ne. Haka yawun mutum ke bushewa, kuma gishirin da ke cikinsa shi ne dai gishirin da na zo nema.

Farfesa da ya ga hotunan cewa ya yi na yi surutu a kan samfur ba takunkumi. A nan ne bakina ya dawo. Na rantse masa, na ce ma'aikatan filin jirgi ne suka buɗe, na faɗi maganganun da ban san Turancina ya kai wurin ba. Ya saurara har na gama, ya ce ko ma wane ne, waɗannan sun tashi daga aiki, in sa a aiko da wasu. Wasu daga ina? Albasar bara ta mutu an kafce ta, sai an sake dasa wata ta sake mutuwa, kuma dashen ne ake jiran in ba da izini. Na gwada sake yanka 'yan ragowar don in ga can ciki, suka marmashe a bakin reza kamar busasshen gabu. Ba yadda ban yi ba.

Da la'asar Baba ya kira. Na fita baranda, ana ruwa, na rasa ta inda zan fara.

"Baba, an sa su a na'ura."

"Alhamdu lillahi. Ni dai na san ba su ɓaci, don na yi musu abin da nika iyawa."

"Me ka yi musu, Baba?"

Ya yi 'yar dariya irin ta wanda ya ɓoye alheri ya gaji da ɓoyewa. "Ran da kit tahi Maiyama kai yarinya, nis sa Innarki ta ɗauko min akwatin nan. Kwalba guda guda nib buɗe, nik karanta, niy yi tohi ciki. Ba wadda nit tsallake, har ta Fagada. Abu za shi ƙetare teku, a bar shi hakanan ba addu'a?"

Tofi. Yadda yake yi mana a ka tun muna yara in za mu jarrabawa, yadda yake yi wa iri kafin a zuba, yadda ya yi wa Amira ranar suna. Na dafa ƙarfen barandar. Duk Allah ya isan da na yi ta ja wa matar filin jirgi, da bangon ɗakina, da ruwan ƙasar mutane, sai suka dawo kaina. Na gaya wa kowa a wurin aiki kada a buɗe kwalaben nan. Mutum ɗaya ne ban gaya wa ba, don ban taɓa tunanin hannunsa zai kai wurin ba.

"Kina ji na? Mi tag gani?"

"Ba ta gane ba, Baba. Ba ta iya rabewa ba."

Ina jin kukan akuya a bayansa. Sannan ya ce a hankali, "Ko tohin ne bai isa ba? Da na sani da na ƙara."

Ni mai baki, na ce masa a'a Baba, ya isa. Abin da na iya ke nan.

Na koma ƙasa na gaya wa Kak Ros. Ba ta yi dariya ba, kuma na gode mata da wannan har yau. Ta ce kakarta ma haka take hura addu'a a kofin ruwa kafin kowa ya yi tafiya. Ta ɗauko ɗan ƙarfe guda daga cikin na fadamarmu, ta sa a ƙaramin gwangwani ta ba ni, ta buga mini hoton ɗigon nan a takarda mai sheƙi. Muka je muka yi sallar magariba tare.

Lokacin dashe ya yi, Baba ya cika alkawari, Bappa ya sayar da fadamar. Irin da ya zuba ya raba wa maƙwabta. Ni kuma Farfesa ya ba ni wani aiki a kan wata shukar ƙasarsu, na yi ta lulluɓa ta da kabon har na ƙware, ɗalibai na zuwa in koya musu yin shiru. Na gama, aka ba ni takarda.

Da na dawo, motar da ta ɗauko ni daga Jega ta bi ta gefen fadamar. Bulo ne jere reras yana shan rana, rijiyar tana nan, da ruwanta suke kwaɓa siminti. Har yau ba wanda ya san ko ita ce mai laifin. Na tarar da Baba a zaure, ya rame, yana gyara igiyar guga da ba shi da inda zai kai ta. Bayan gaisuwa ya ce in nuna masa ko da abin da na'urar ta ɗauka, tun da dai an sha wahala. Hoto ɗaya ne a jakata, na miƙa masa. Ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya daɗe yana kallon rassan nan.

"Ikon Allah. Wanga shi ne? Dubi kyawonshi, kuma shi yay yi muna wagga ɓarna."

Na buɗe baki, na dubi hannunsa yana riƙe da takardar da gefe-gefe don kada yatsa ya ɓata ta, na rufe. Ya sa aka yi wa hoton gilashi a Aliero, ya rataye a zauren. Duk baƙon da ya shigo sai ya tashe shi tsaye ya kai shi gaban bangon.

"Ga abin da yac ci muna hwadama," yake cewa. "Ɗiyata tag gano shi, can Maleshiya."

In ina wurin sai baƙon ya juyo ya ce mini sannu da ƙoƙari, ni kuma in ce yawwa.